Batista ne ya share wa Fidel Castro hanya

Idan aka ambaci Kyuba, Fidel Castro ne ke fara zuwa a rai. Ni kuwa na daɗe ina ganin ba za a gane Castro ba sai an waiwayi mutumin da ya kora, wato Fulgencio Batista.

Ɗan talakawa ne, haifaffen garin Banes a 1901. Ya yi aikin gonar rake da na jirgin ƙasa, ya shiga soja a 1921 har ya kai saje. A 1933 ya jagoranci boren ƙananan sojoji, daga nan shugabannin ƙasar suka koma sai yadda ya yi da su. A 1940 ya tsaya zaɓe ya ci, ƙarƙashin sabon tsarin mulki mai kare haƙƙin ma'aikata, har 'yan kwaminisanci na mara masa baya. Da wa'adinsa ya cika a 1944, ɗan takararsa ya sha kaye, ya miƙa wa Ramón Grau mulki ya koma Amurka da zama. Nan kam a yaba masa.

Sai 1952. Ya sake neman kujerar, ya ga ba zai kai labari ba. Saura wata uku a jefa ƙuri'a, ranar 10 ga Maris, ya kifar da gwamnatin Carlos Prío, ya jingine tsarin mulkin da shi kansa ya yi rantsuwa a kai.

To, cikin masu shirin takarar majalisa a zaɓen da ya soke akwai wani matashin lauya, Fidel Castro. Kotu ya fara zuwa, aka yi watsi da ƙararsa. Sai bayan nan ya kai hari barikin Moncada, ranar 26 ga Yuli 1953.

Wasu za su ce rashawa ce ta kada Batista, da gidajen caca na irin su Meyer Lansky a Havana, da azabtar da 'yan adawa. Ban musa ba. Amma an yi sata son rai a zamanin Grau da Prío, mutane suka daure domin suna jiran ranar zaɓe. Ranar ce Batista ya ƙwace musu, shi ya sa ɗalibai da 'yan kasuwa da ba ruwansu da kwaminisanci suka bi masu bindiga.

Da asubar 1 ga Janairu 1959 ya hau jirgi zuwa Jamhuriyar Dominika. Bai sake taka Kyuba ba har ya mutu a Sifaniya a 1973.