Maƙoƙo: Kwalaben da Ake Aikowa Gida

Da zarar kaka ta yi, aka kai masara da waken suya kasuwannin Dandume da Bakori, sai a tuna da lalurorin da aka jingine tun damina a karkarar Funtua da Malumfashi. Cikinsu har da maƙoƙon da ya daɗe a wuyan wata dattijuwa. Sau da yawa ɗanta ma'aikaci a Kaduna ko Abuja ne ke aiko da kwalabe: ƙwayar aidin, ta ƙarin jini, ta ƙarfin ƙashi, wani lokaci har da abin da ya ga ana talla a Facebook. Niyyar mai kyau ce, amma kyautar kan ƙara wa mai jinya wahala.

Zaton cewa duk maƙoƙo rashin aidin ne gaskiyar wani zamani ce. Tun 1993 Najeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci, kuma a 2005 ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta cimma wannan buri. Baligi na buƙatar maikirogiram 150 kacal a rana, mai ciki da mai shayarwa 250. Giɓin bai toshe gaba ɗaya ba, domin gishirin da ke wuni a buɗe cikin rana yana rasa aidin, gero da rogon da bai jiƙu sosai ba kuma suna ɗauke da sinadaran da ke rage amfaninsa a jiki. Duk da haka, kumburin wuya shi kaɗai ba ya faɗin abin da ke ciki.

Halittar da ke gaban maƙogwaro, wadda likitoci ke kira tayirod, tana iya yin sanyin aiki, mutum ya riƙa jin kasala da sanyi, bayan gida ya yi masa wuya. Tana iya wuce gona da iri, ya riƙa ramewa alhali yana ci, zuciya na bugawa, ciki na gudu. Wanda maƙoƙonsa ya tsufa ya yi ƙulalai, idan aka ɗora masa aidin mai yawa, yana iya faɗawa hali na biyu, abin da ke da haɗari ga zuciyar dattijo. Gwajin jini na TSH ne ke fara rarrabe su. Kuɗin da aka zuba a kwalabe huɗu ya fi dacewa da wannan gwaji, ko da zai kai mutum asibitin koyarwa na Shika, wanda ba shi da nisa daga Funtua.

Inda aka fi yin asara a ɓoye shi ne bayan likita ya rubuta levothyroxine ga mai sanyin tayirod. Maganin ɗan ƙanƙani ne, kuma ba ya son abokin tafiya. Ƙwayar ƙarin jini da ta ƙarfin ƙashi suna kama shi a hanji su hana shi shiga jiki. Shi ya sa ake raba su da awa huɗu. Waken suya ma yana rage shigarsa, a yankin da awara da madarar waken suka zama karin kumallon gidaje da yawa.

Sai ciki ya shigo cikin maganar. Ƙwayar ƙarin jini tana kawo tashin zuciya da taurin bayan gida, tana kuma baƙanta shi, baƙin da ba cuta ba ne amma yana firgita wanda ba a gaya masa ba. Mai jinya kan yi ɗaya daga cikin biyu: ko ta watsar da magungunan duka, har da wanda take buƙata, ko a sayo mata farin ruwan maganin gyambon ciki a kyamis. Wannan ruwa shi ma yana tare levothyroxine. Kasala ta dawo, a ce magani ba ya ci, a ƙara wata kwalba.

Gyaran ba ya cin kuɗi, lokaci yake nema, kuma lokutan salla sun riga sun raba wunin. Levothyroxine da asuba da ruwa zalla, a jinkirta koko ko shayi rabin awa zuwa awa guda. Ƙwayar ƙarin jini, idan gwaji ya nuna ana buƙatarta, a sha ta bayan azahar ko la'asar tare da ɗan abinci, nesa da shayi. Ruwa da zogale da miyar ganye suna sassauta hanji. Idan cikin ya ƙi lafawa, likita na iya rage yawan ƙwayar ko ya mai da ita kwana ɗaya bayan ɗaya. Ɗan da ke birni, idan ya bugo waya, ya dace ya tambayi ƙarfe nawa Hajiya ke shan kowace ƙwaya, da abin da take haɗiye ta da shi.