A Bar Jama'a Su Fito a Hoto

Yau kan masu ɗaukar hoto zan yi tsokaci. In ka je ruwan Matsirga kusa da Kafanchan, ko bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu, za ka ga mai hoto yana ta korar mutane da 'yan acaɓa, wai suna ɓata masa dutse da ruwa. A ƙauyen Bibury na Ingila ma, a 2017, sai da aka lalata motar wani dattijo, wai tana ɓata hoton tsofaffin gidaje.

Ni dai ban yarda da wannan ba. Ka ɗauki kasuwar Gwantu, ka cire manyan motocin hanyar Akwanga, ka cire mahauci Bahaushe, da Bafulatana mai nono, da matan Numana da Ninzo masu doya, to me ya rage? Rumfuna kawai.

Mu da ake kira baƙi, irin wannan hoton shi ne shaidarmu. Gobe in aka ce wa jikokinmu ba a taɓa zama tare ba, shi za su nuna. Dutsen Kagoro ba inda za shi, mutane ne ke wucewa.

Allah ya zaunar da mu lafiya, amin.