Zauren Iyali: Wasan Neman Akwati, Har Da Guragu

Iyaye da malamai, ga labarin wani wasa daga ƙasar Ingila. A shekarar 1854 wani mai yi wa baƙi jagora, James Perrott, ya ajiye kwalba a Cranmere Pool, cikin dajin Dartmoor, domin duk wanda ya kai wurin ya bar sunansa. Daga nan wasan ya samo asali. Yanzu akwati ake ɓoyewa, da littafi da hatimi a ciki. Wanda ya bi kwatance ya same shi sai ya buga hatimin a nasa littafi, ya sa hannu, ya mayar.

Amma wurin nan yana tsakiyar taɓo, nesa da hanya. Gurgu da tsoho sai dai su ji labari. Haka yake a nan Augie. In yara sun gangara fadamar Rima, wanda shan inna ta kama yakan zauna a ƙofar gida yana kallon ƙurarsu.

To, mu gyara wasan domin a yi da shi. A jira rani. A sami gwangwanin madara mai murfi, a sassaƙa hatimi da tsohon takalmin roba. A ɓoye shi inda ƙasa take da tauri, gama rairayi yakan kama keken guragu. Kada a sa shi cikin rami, saboda kunama, sai inda hannun mai zaune zai kai. Yaron da ke kan keke shi zai riƙe takardar kwatance, sauran su bi umurninsa.

Ku gwada a hutun nan, ku rubuto mana yadda aka yi.