Kapso Ba Ya Warkar da Soriyasis

Cutar soriyasis ba makero ba ce, ba kuma ƙazuwa ba. Garkuwar jiki ce ke tunzura fata ta riƙa sabunta kanta cikin 'yan kwanaki maimakon kusan wata guda, sai ɓawo ya taru a gwiwa, gwiwar hannu da fatar kai. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince cewa tana cikin cututtukan da ba a ɗauka daga wani. Amma har yau a kemis, har da wasu asibitoci, kapson antibayotik ake miƙa wa mai wannan lalura, ba tare da gwaji ba.

Masu kare wannan ɗabi'a ba su rasa hujja ba. Gaskiya ne ciwon maƙogwaro na Streptococcus kan tayar da nau'in soriyasis mai ɗigo-ɗigo, musamman ga yara, kuma Staphylococcus aureus na yawan samun mazauni a fatar da ta tsattsage. Sai dai zaman ƙwayar cuta a kan fata daban, kamuwa da ita daban. Duk antibayotik ɗin da aka sha babu dalili raunanan ƙwayoyi yake kashewa, ya bar masu taurin kai su hayayyafa. Ranar da maruru na gaske ya fito, maganin ya riga ya zama ruwa, sai kuma a ɗora wa soriyasis laifin.

Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bakteriya masu bijire wa magani sun kashe mutum miliyan 1.27 a 2019, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce ta fi kowane yanki asarar rayuka.