Dokar Hana Giya: Darasin Amurka Da Abin Da Ya Rage Mana A Bolori



Duk ranar 7 ga Afrilu, wasu Amurkawa sukan yi bikin da suke kira ranar giya, don tunawa da ranar da aka sake halatta sayar da ita a shekarar 1933. Mu ba mu da rabo a wannan biki, domin addininmu ya riga ya yanke hukunci a kan barasa. Amma tarihin da ya haifi bikin yana da darasi ga duk mai 'ya'ya a wannan unguwa.

A shekarar 1920 haramcin yin giya da sayar da ita da Amurka ta sa a cikin tsarin mulkinta ya fara aiki. Aka rufe kamfanoni, aka fasa ganguna a tituna. Sai dai mashaya ba su daina ba. Sana'ar ta koma ƙarƙashin ƙasa, 'yan daba irin su Al Capone na birnin Shikago suka yi kuɗi, cin hanci ya shiga cikin 'yan sanda, mutane da yawa suka mutu saboda shan gurɓatacciyar barasa. A watan Disamba 1933 aka soke dokar baki ɗaya. A 1978 kuma Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta yarda mutum ya dafa giya a gidansa, yau ƙananan kamfanoninta sun kai dubbai a can.

Mu ma nan Arewa ba baƙin irin wannan doka ba ne. Tun yarjejeniyar Brussels ta 1890 Turawa suka amince kada a shigo da barasa mai ƙarfi yankunan Musulmi, Lugard kuma ya zartar da hakan a Arewa. Duk da haka masu dafa burkutu da dawa ba su sauke tukunya ba, Sabon Gari kuma ya zama mafakar mashaya. A shekarar 2000, zamanin Gwamna Mala Kachalla, Jihar Borno ta yi dokar hana cinikin giya. A Janairun 2017 gwamnatin Kashim Shettima ta sake jaddada ta, ban da barikokin soja da makamantansu. Dokar da sai an sake shelanta ta bayan shekara 17, ai ta nuna cewa takarda kaɗai ba ta hana ƙishirwar mashayi.

Abin da ya fi tayar da hankali shi ne inda yaranmu suka koma. Kwalbar giya ana ganinta, ana jin warinta. Kodin da tiramol kuwa a aljihu ake ɓoye su, yaro ya sha ya zauna tare da ubansa a tabarma ɗaya. Sai a watan Mayun 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani binciken BBC. Kafin nan, gidaje nawa suka rasa 'ya'yansu? An gudu daga tsara an faɗa wa zago.

Ba ina cewa a soke doka ba. Ina goyon bayanta ɗari bisa ɗari. Abin da nake cewa shi ne, doka tana rufe shago, amma iyaye da malamai da masu unguwa su ne za su rufe ƙofar sha'awa. Yaron da ba makaranta, ba sana'a, ba mai tambayarsa inda ya kwana, zai sami abin sha ko da an ƙone kowace mashaya a Yerwa.

Akwai kuma batun haƙƙinmu. Idan an fito kame, mu da ake kallo a matsayin baƙi mu ne bakin ganga, ko da kakanninmu ne suka zo. Saboda haka a riƙe waɗannan. Mai gidan haya ya san wanda ya ba wa ɗaki da abin da ake yi a ciki, kada a rufe masa gida saboda laifin wani. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, belin 'yan sanda kuma kyauta ne. Kada wanda ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da ba a karanta masa ba. Wanda ɗansa ya kamu da shaye-shaye ya kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke kan hanyar Baga tun da wuri, ɓoyewa don kunya ba magani ba ce.

Amurka ta dogara ga ɗan sanda kaɗai, bayan shekara 13 ta miƙa wuya. Mu kada mu bar wa hukuma aikin da yake namu ne tun daga zaure.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya zaunar da Borno lafiya. Amin.

Sakataren Ƙungiya