Kalmar “Again” Da Wahalar Da Take Ba Mu A Kurmi

Jama'a, akwai wata 'yar kalma ta Turanci wadda kowane Bahaushe mazaunin Ikko, ko Badun, ko Anaca yake ji safe da yamma, watau “again”. Wanda ya ɗan taɓa boko zai ce ai ma'anarta a fili take: sake yin abu, ko abu ya kuma faruwa. Haka ne a littafi. Amma a tasha da kasuwa da ofis, ni a ganina ta fi kowace kalma ruɗa mutanenmu.

Na taɓa raka wani kawuna, ɗan kasuwar goro a Sabon Shagamu, wani ofis a Ikko neman takarda. Na bar shi a layi na tafi salla. Da ya isa gaban akawu ya faɗi bukatarsa da ɗan Turancinsa, sai akawu ya ɗago kai ya ce masa “come again”. Kawu ya yi godiya, ya tattara babbar rigarsa ya fito. Na same shi a bakin ƙofa yana cewa, “Yaro, mu tafi, an ce in sake dawowa.” Alhali kuwa akawun cewa ya yi bai ji ba, a maimaita masa magana. Da ban koma na tambaya ba, da mun yi asarar kuɗin mota zuwa da komowa da yini guda a banza.

A kasuwa ma haka abin yake, sai dai a can ta wata fuska. Mace ta taya kwandon tumatir a Mile 12, an sallama mata, sai ta juya ta ce “I no buy again”. A Turancin makaranta, wannan sai wanda ya riga ya taɓa saye ne zai faɗa. A Buroka kuwa nufinta ta fasa, ko da ba ta taɓa sayen ko tsinke a wurinka ba. Sabon zuwa sai ya tsaya yana jiran kuɗi, ga wani mai saye ya wuce. Abin mamaki, mu ma haka muke yi da “kuma”. In ka ce “ba na so kuma”, ai ka fasa ke nan. “Wetin again?” kuwa daidai take da “me kuma?” har da ɗan fushin da ke cikinta. Ashe Burokar ta fi kusa da Hausa bisa ga Turancin Ingila, in da za a nuna wa mutum sau ɗaya.

To, na ofis da na kasuwa asarar kuɗi ce. Wanda ya fi damuna shi ne na asibiti. Tun 2005 aka sauke kulorakwin daga zama maganin farko na zazzaɓin cizon sauro a Nijeriya. Wanda aka fi bayarwa a madadinsa, babban mutum ƙwaya huɗu yake sha, sau biyu a rana, har kwana uku, 24 ke nan. Mai ba da magani zai ce a sha yanzu, a sha “again” bayan awa takwas, ya ƙara da cewa in ba a shanye ba ciwon zai yi “recur”, watau ya dawo. Namu sai ya kaɗa kai ya ce “yes sa”. Ya sha na farko, jiki ya yi sauƙi, ya ɓoye saura a aljihu don wata rana. Bayan mako biyu ga shi kwance a shago ana cewa maganin mutanen nan ba shi da kyau.

Wasu za su ce laifin ma'aikata ne da ba sa bayani. Da gaskiyarsu, wasu ma da wulaƙanci suke yi. Amma mu ma muna da namu: girman kai. Dattijo ya gwammace ya koma gida da rabin magana da a ga ya ce bai fahimta ba a gaban yaro sa'ar ɗansa.

Ina kira ga sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan goro da 'yan shanu da 'yan gwari, kowane zango ya samu yaro ɗaya ko biyu masu jin Turanci da Buroka, a riƙa ba su ɗan abin hasafi suna raka marasa lafiya asibiti. Kuɗin da ake tarawa a kasuwa kowane mako ya isa wannan, har a saya musu katin waya.