Kada A Kori Harshen C Daga Ajin Koyon Kwamfuta

Muhawara ta daɗe tsakanin masana kwamfuta kan ko lokaci ya yi da za a jingine harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a Bell Labs wajen 1972. A nawa ra'ayin, a rage rubuta sababbin manhajoji da shi, amma kada jami'o'inmu su cire shi daga darasi.

Tushen rigimar shi ne ma'adanar kwamfuta. A harshen C, idan manhaja tana cikin aiki ta buƙaci wurin ajiya, marubucinta ne zai nemi aron fili da umarnin malloc, a ba shi adireshin wurin, idan ya gama ya mayar da umarnin free. Babu mai tuna masa. In ya manta, ma'adana ta dinga yoyo ke nan har na'ura ta shaƙe. In ya mayar amma ya ci gaba da amfani da adireshin, ya shiga gonar da aka riga aka ba wani. Ga kuma wanda zai ari wurin mudu ɗaya ya juye buhu. Ta irin waɗannan kafofi ɓarayin intanet ke kutsawa.

Ko shakka babu, masu suka suna da hujja. A 2014, kuskuren Heartbleed cikin OpenSSL ya sa kwamfutoci suna kwaso wa baƙo har kilobayit 64 na abin da ke ma'adanarsu, har da kalmomin sirri, don kawai ba a duba tsawon saƙon da ya faɗa ba. A 2019 Microsoft ya ce kusan kashi 70 cikin 100 na ramukan tsaron da yake toshewa daga ma'adana suke. A 2024 fadar shugaban Amurka ta nemi a koma ga harsuna irin su Rust, wanda ke bin diddigin mai kowane fili tun kafin manhaja ta fara aiki.

To, amma wa zai kula da abin da aka riga aka gina? Mafi yawan zuciyar Linux da C aka rubuta ta, haka ma babbar manhajar da ke tafiyar da Python ɗin da matasanmu ke alfahari da shi. Ɗalibin da harshensa ke share masa ma'adana kullum bai san abin da Rust ke hana shi ba, balle ya gyara tsohon aiki. A ba shi zango ɗaya cur yana aro yana mayarwa da hannunsa, a sa Valgrind ya nuna masa kowane filin da ya bari a baya.